Lissafin Cewa A'a: Yadda 'Yan Fafutukar Biranen Amurka Ke Auna Adawa da Ƙudurorin da Ake Kai wa Gaban Masu Zaɓe

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin irin lissafin da 'yan fafutukar siyasa na cikin biranen Amurka ke yi kafin su fito adawa da ƙudurin da aka sa a takardar ƙuri'a, musamman idan ƙudurin ya fito daga hannun abokan tafiyarsu ko ya ƙunshi wani yanki na abin da su kansu suka daɗe suna nema. Ta hanyar duba abin da ya faru a yankin Seattle a 2007, da gundumar Los Anjelis a 2012, da Nashville a 2018, da Minneapolis a 2021, maƙalar tana kafa hujjar cewa kayar da ƙuduri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mallakar alƙalamin da zai rubuta wanda zai biyo bayansa, kuma da wannan na biyun ya kamata a auna hikimar adawa ko wautarta.

Asalin tsarin da dokokinsa

A manyan birane da yawa na Amurka, musamman na yammacin ƙasar, mai zaɓe yakan tarar da jerin tambayoyi a ƙasan sunayen 'yan takara, kowace da lambarta ko harafinta, ana neman ya amsa da e ko a'a, kuma amsar da ta rinjaya takan zama dokar birnin kai tsaye. Wannan shi ne abin da ake nufi da ƙudurin ƙuri'a a cikin wannan maƙala. Al'ummar Hausa ta san ƙuri'ar raba-gardama a kan manyan al'amura, kamar wadda aka yi a Arewacin Kamaru a 1961 ko waɗanda aka yi kan kundin tsarin mulkin Nijar a 2009 da 2010, amma a biranen Amurka abin ya sauko har kan harajin saye, da kuɗin hayar gida, da yawan 'yan sanda, da tsawon gine-gine. Ƙuduri yakan isa takardar ƙuri'a ta hannun majalisar birni, ko ta hanyar tara sa hannun wani adadi na masu rajista, ko kuma saboda doka ta wajabta a nemi yardar jama'a kafin a ɗora sabon haraji ko a ci bashi.

Tsarin ya samo tushe ne daga yunƙurin gyaran siyasa na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da ake ganin kamfanonin jiragen ƙasa da 'yan kwangila sun saye majalisu. Birnin Los Anjelis ya fara aiki da shi a 1903, jihar Kaliforniya kuma ta ɗauke shi a 1911 a zamanin Gwamna Hiram Johnson, wanda ya gina siyasarsa kan yaƙi da kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific. Makamin da aka ƙera domin maras ƙarfi bai daɗe a hannunsa shi kaɗai ba, domin Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1978 cewa kamfanoni suna da 'yancin kashe kuɗi a kan ƙudurorin ƙuri'a, sannan a 1981 ta soke dokar birnin Berkeley da ta hana mutum bayar da fiye da dala 250 ga kwamitin da ke yaƙin neman amincewa da ƙuduri ko ƙin sa, a shari'ar da masu adawa da ƙayyade kuɗin haya suka shigar, kuma a 1988 ta halatta biyan mutane lada domin su tara sa hannu. Sakamakon haka shi ne babu iyaka ga kuɗin da za a iya zubawa a irin wannan fafatawa. A ɗaya ɓangaren, dokar haraji ta tarayya ta hana ƙungiyoyin agaji da na addini da aka yafe wa haraji su goyi bayan ɗan takara, amma ta ba su damar yin magana a kan ƙuduri cikin wasu iyakoki, wanda shi ya sa ƙungiyoyin unguwanni da majami'u da ƙungiyoyin 'yan haya suka fi bayyana a wannan fage fiye da fagen takara.

Mai rubuta tambaya da makomar da za a koma

Masana tattalin arzikin siyasa biyu, Thomas Romer da Howard Rosenthal, sun yi bayani a ƙarshen shekarun 1970 kan ikon da ke hannun wanda ya tsara tambaya, suna dogaro da yadda ake jefa ƙuri'a kan kasafin kuɗin makarantu a jihar Oregon. Abin da suka nuna shi ne mai zaɓe yana kwatanta ƙudurin ne da halin da za a koma idan an ƙi shi, ba da abin da zuciyarsa ta fi so ba, saboda haka matuƙar halin da za a koma ya yi muni, mai tsara tambaya zai iya cusa abubuwa da yawa da jama'a ba sa so kuma su amince. Ɗan fafutuka yana cikin wannan tarko kamar kowa, sai dai shi yana da wata dama da talaka ba shi da ita, wato yana iya tunanin cewa idan aka kayar da ƙudurin bana, za a dawo da wanda ya fi shi baɗi, kuma da shi za a zauna a rubuta. Masu cewa a karɓi abin da ya samu hujjarsu ita ce da babu gara ba daɗi, masu adawa kuwa suna caca ne a kan zagaye na biyu da ba wanda ya yi musu alkawarinsa.

Binciken da aka yi yana nuna cewa ɓangaren a'a yana da rinjaye tun daga farko. Elisabeth Gerber, a littafinta na 1999, ta gano cewa kuɗin manyan 'yan kasuwa ya fi tasiri wajen kashe ƙuduri fiye da wajen raya shi, domin jefa shakku a zuciyar mai zaɓe ya isa ya sa shi barin abu yadda yake. Arthur Lupia kuma ya nuna a 1994, ta hanyar nazarin ƙudurorin inshorar mota na Kaliforniya na 1988, cewa masu zaɓen da ba su san abin da ƙudurorin suka ƙunsa ba, amma suka san ɓangaren da kamfanonin inshora ke goyon baya, sun jefa ƙuri'a kusan daidai da waɗanda suka karanta. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa 'yar takardar jagora da ƙungiya ke rabawa gida-gida, wadda ke cewa e a kan wannan, a'a a kan wancan, take da nauyin da ya zarce yawan mambobin ƙungiyar. Idan ƙungiyar kare muhalli ta ƙi ƙudurin jirgin ƙasa, ko shugabar masu kare haƙƙin baƙar fata ta ƙi ƙudurin gyaran 'yan sanda, adawar takan fi ta abokan gaba na asali tasiri, tunda ta fito daga inda ba a zata ba.

Seattle, Los Anjelis da Nashville

Misalin da masu son adawa suka fi kafa hujja da shi shi ne na yankin Seattle a jihar Washinton. A watan Nuwamba na 2007 an kai wa masu zaɓen gundumomin King da Pierce da Snohomish ƙuduri guda da ya haɗa faɗaɗa layin jirgin ƙasa na cikin gari da gina manyan hanyoyin mota, domin majalisar jiha ta wajabta a ɗaura su a igiya ɗaya, da tunanin cewa mazauna birni za su zo saboda jirgi, mazauna kewaye kuma saboda hanya. Ƙungiyoyin kare muhalli da dama sun amince, suna ganin ba za a sake samun irin wannan kuɗi na jirgi nan kusa ba, amma reshen ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club na yankin ya ƙi, bisa hujjar cewa hayaƙin da sababbin hanyoyin za su jawo zai cinye ribar jirgin ta fuskar ɗumamar yanayi. Shugaban gundumar King na lokacin, Ron Sims, shi ma ya juya wa ƙudurin baya. An kayar da shi da kusan kashi 56 cikin ɗari, kuma bayan shekara guda hukumar Sound Transit ta dawo da ƙudurin jirgi zalla, na kimanin dala biliyan 18, wanda ya wuce da kusan kashi 57 cikin ɗari. Mike McGinn, ɗaya daga cikin jagororin adawar a Sierra Club, ya zama magajin garin Seattle a zaɓen 2009.

Ya kamata a lura da abubuwan da suka sa wannan caca ta ci, domin ba a kowane gari ake samun su a haɗe ba. Akwai hukuma tsayayya mai ma'aikata da taswira a hannu, wadda rayuwarta ta dogara ga sake komawa gaban masu zaɓe. Abin da masu adawar ke nema a bayyane yake kuma mai sauƙin aiwatarwa, wato a yanke rabin ƙudurin a bar rabin. Sannan zaɓen da ke tafe shi ne na shugaban ƙasa na 2008, wanda ya fito da matasa da mazauna birni da yawa, alhali na 2007 zaɓe ne na tsakani da mutane ba su cika fita ba. Sarah Anzia ta nuna a littafinta na 2014 cewa lokacin da aka sa zaɓe yana sauya waɗanda ke fitowa, kuma zaɓen da ba ya tare da na ƙasa yakan ba ƙungiyoyi masu tsari da masu ruwa da tsaki kai tsaye rinjaye.

A gundumar Los Anjelis labarin ya bi wata hanya. Dokokin Kaliforniya, tun daga ƙuduri na 13 na 1978 da na 218 na 1996, sun wajabta samun kashi biyu bisa uku kafin hukuma ta ɗora harajin da aka keɓe wa wani aiki takamaimai, abin da ya sa ƙuri'ar a'a guda take daidai da ƙuri'ar e biyu. A 2012 ƙudurin J, wanda ya nemi tsawaita harajin sufuri na shekara 30, ya samu kusan kashi 66.1 cikin ɗari, ya faɗi da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya ba. Cikin masu adawa da shi akwai ƙungiyar masu hawa bas ta Bus Riders Union, wadda ta daɗe tana zargin hukumar sufuri da fifita jirgi a kan bas ɗin da talakawa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka ke hawa. Da irin wannan tazara, kowace ƙaramar ƙungiya tana da damar cewa ita ta kayar da shi. Amma a 2016 hukumar ta dawo da ƙudurin M, wanda ya fi na farko girma, ba shi da wa'adin ƙarewa, kuma ya wuce da kusan kashi 71 cikin ɗari bayan an raba ayyuka ga sassan gundumar domin kowa ya ga rabonsa. Hukumar ta koyi darasi daga faɗuwar, sai dai darasin da ta koya ba shi ne wanda masu hawa bas suka so koya mata ba.

Nashville a jihar Tennessee ta ƙi shirin sufuri na dala biliyan 5.4 a ranar 1 ga Mayu 2018 da kashi 64 cikin ɗari, bayan magajiyar garin da ta tsara shi, Megan Barry, ta yi murabus a watan Maris. Ƙungiyar Americans for Prosperity, mai alaƙa da attajiran gidan Koch, ta yi yawon gida-gida a kan ƙin haraji, yayin da wasu mazauna unguwannin marasa ƙarfi ke tsoron layin jirgi zai ɗaga kuɗin haya ya kore su. Sai da aka yi shekara shida kafin Magajin Gari Freddie O'Connell ya kawo wani shiri a Nuwamba 2024, na bas da hanyoyin masu tafiya da ƙafa da fitilun hanya, babu jirgi, ya kuma wuce da kusan kashi biyu bisa uku. Ana iya cewa shirin na biyu ya fi dacewa da talakan birnin, amma wanda ba shi da mota ya biya farashin jiran da shekara shida na rayuwarsa.

Minneapolis: adawa daga cikin gida

Babu inda nauyin wannan shawara ya fito fili kamar Minneapolis. Bayan ɗan sanda ya kashe George Floyd a ranar 25 ga Mayu 2020, kansiloli tara cikin goma sha uku sun tsaya a dandalin Powderhorn a farkon watan Yuni sun yi alkawarin rusa rundunar 'yan sandan birnin. Cika alkawarin ya buƙaci gyara kundin mulkin birni, domin tun 1961 kundin ya wajabta ɗaukar nauyin ma'aikatan 'yan sanda aƙalla 1.7 ga kowane mutum dubu, ya kuma damƙa cikakken ikon rundunar a hannun magajin gari. Hukumar kula da kundin ta jinkirta ƙudurin majalisa har lokacin shiga zaɓen 2020 ya wuce, sai gamayyar Yes 4 Minneapolis ta tara sa hannu fiye da 20,000 ta sa shi a zaɓen 2021 a matsayin Tambaya ta 2. Ƙudurin ya nemi a maye gurbin rundunar da ma'aikatar tsaron jama'a mai bin tsarin kiwon lafiyar al'umma, wadda za ta iya ƙunsar 'yan sanda idan akwai buƙata, a kuma cire mafi ƙarancin adadin da kundin ya gindaya.

Adawar Magajin Gari Jacob Frey da Gwamna Tim Walz da Sanata Amy Klobuchar ba ta ba kowa mamaki ba, kamar yadda goyon bayan 'yar majalisa Ilhan Omar da Babban Lauyan jiha Keith Ellison bai ba da mamaki ba. Abin da ya girgiza masu ƙudurin shi ne matsayin wasu 'yan fafutuka baƙar fata da suka shafe shekaru suna zanga-zanga kan zaluncin 'yan sanda, ciki har da lauya Nekima Levy Armstrong, tsohuwar shugabar reshen birnin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata. Hujjarsu ita ce ƙudurin ba shi da shiri a rubuce na abin da zai faru washegarin zaɓe, ba a shawarci unguwannin arewacin birnin yadda ya kamata ba, kuma a daidai lokacin ɗaruruwan 'yan sanda sun bar aiki, kisan kai kuma ya kusanto matakin da ya kai a 1995, da yawa daga ciki a waɗannan unguwanni. Wasu mazauna arewacin ma sun riga sun kai birnin kotu suna neman a cika adadin 'yan sandan da kundin ya tanada. Masu adawa sun yawaita cewa sabuwar ma'aikatar za ta zama mai iyayengiji goma sha huɗu, wato magajin gari da kansiloli goma sha uku, kuma shugaban 'yan sanda Medaria Arradondo, baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin, ya fito ya soki shirin ana saura kwanaki kaɗan zaɓe. Hatta kalmomin da za a rubuta a takardar ƙuri'a sai da aka yi shari'a a kansu har gaban Kotun Ƙolin jihar Minnesota, wadda ta ba da izini ana gobe za a fara jefa ƙuri'a da wuri.

A ranar 2 ga Nuwamba 2021 an kayar da Tambaya ta 2 da kusan kashi 56 cikin ɗari, kuma mazaɓu biyu na arewacin birnin suna cikin waɗanda suka ƙi ta. A wannan rana masu zaɓe suka amince da Tambaya ta 1, wadda ta ƙara wa magajin gari iko a kan ma'aikatun birni, suka kuma sake zaɓen Frey. A nan ne lissafin ya yi ɗaci, domin 'yan fafutukar da suka ce a'a suna son gyara mai zurfi ne da shiri tsayayye, amma ƙuri'arsu ta shiga akwati ɗaya da ta waɗanda ba sa son gyara ko kaɗan, kuma akwatin ba ya tambayar dalili. An kafa ofishin tsaron al'umma a 2022 a ƙarƙashin magajin gari, amma matsin lamba mafi ƙarfi na gyara ya zo ne daga wajen birnin, ta hanyar yarjejeniyar da aka cimma da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jiha a 2023 da rahoton Ma'aikatar Shari'a ta tarayya na watan Yunin wannan shekara. Bai dace a ce masu adawar sun yi kuskure ba, domin tsoron da suka bayyana na gaske ne kuma su ne za su kwana a cikinsa. Abin da za a iya cewa shi ne ba su da hukuma irin ta Seattle da za ta dawo da ƙuduri na biyu, kuma babu wanda ya dawo da shi.

Ko za a iya gyara shi daga baya

Wani ma'auni da gogaggun 'yan fafutuka ke dubawa tun kafin su karanta ƙudurin zuwa ƙarshe shi ne ko majalisa tana da ikon taɓa shi bayan ya zama doka. A Kaliforniya dokar da jama'a suka kafa ta hanyar sa hannu ba ta gyaruwa sai da wata ƙuri'ar jama'a, in ba ita kanta ta ba da izini ba, saboda haka kuskuren rubutu guda yakan zama irin tsallen nan ɗaya da ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba. A St. Paul, maƙwabciyar Minneapolis, masu zaɓe sun amince a 2021 da hana ƙarin kuɗin haya fiye da kashi 3 cikin ɗari a shekara, har da sababbin gidaje, amma a 2022 majalisar birni ta yi wa dokar gyara ta keɓe sababbin gine-gine na shekara 20. Inda ake iya gyara, amincewa da ƙuduri mai aibi ba ta da haɗari sosai, sai dai nasarar ma ba ta da tabbas. Inda ba a iya gyara kuwa, adawa da abokin tafiya takan zama wajibi ko da za ta ɓata zumunci.

Akwai kuma dabarar da ke sa ƙungiya kashe rabin ƙarfinta kan adawa ba don ta zaɓa ba, wato sa ƙudurin kishiya mai kama da na asali. A San Faransisko a Nuwamba 2022 ƙudurorin D da E duka sun yi iƙirarin sauƙaƙa gina gidaje, ɗaya daga ɓangaren Magajiyar Gari London Breed, ɗaya daga majalisa, kuma dukansu suka faɗi. A Austin ta jihar Teksas, a watan Mayu 2023, ƙungiyar Equity Action ta kawo ƙudurin A domin ƙarfafa sa ido kan 'yan sanda, sai wani kwamiti mai samun tallafin ƙungiyar 'yan sanda ya kawo ƙudurin B mai suna kusan iri ɗaya da tanadi mai rauni. A can ruɗin bai yi aiki ba, domin masu ƙudurin A sun haɗa e da a'a a saƙo guda, kuma zaɓen na tsakani ne da waɗanda suka fito galibinsu sun san bambancin, har kusan kashi huɗu bisa biyar suka amince da A suka ƙi B.

Tsakanin e da a'a akwai matsayi na uku da ƙungiyoyi ke fakewa da shi, wato sanar da cewa ba su ɗauki matsaya ba. Ƙa'idojin ƙungiyoyi da yawa sun buƙaci rinjaye mai yawa na mambobi kafin a goyi bayan ƙuduri ko a ƙi shi, don haka rashin matsaya wani lokaci sakamakon rabuwar kai ne na gaskiya, wani lokaci kuma hanya ce ta barin ƙudurin aboki ya mutu ba tare da an ga hannun kowa ba. Bisa abin da Lupia ya nuna, wannan shiru ba ya zama tsaka-tsaki a idon mai zaɓe, domin wanda ya duba takardar jagora bai ga sunan ƙungiyar da ya amince da ita a ƙarƙashin e ba yakan karkata ga barin abu yadda yake, kuma a birnin da ake buƙatar kashi biyu bisa uku, irin wannan gurbi a takarda ya isa ya kayar da haraji.